Tsaunin da Ban Kai Kansa Ba

Da ƙarfe uku da minti ashirin na yamma, ranar Talata, kwana na uku da fara tafiyarmu a ƙafa, abu ya soma lalacewa. Na san lokacin daidai don na duba agogo na rubuta a kayena, wato littafin rubutuna, yadda nake rubuta komai. Muna tsaye a wani mashigi tsakanin duwatsu biyu, a tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko, iska na kaɗa mana riguna. Jagoranmu Brahim ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Da ya iso gare ni ya ce, "Balkisa, yaya kai? Babu ciwo?"

Na ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi."

A lokacin kuwa kaina yana sarawa kamar ana daka a cikinsa.

Tun da na dawo Tawa ƙawayena ba su bar ni na huta ba. A aji, a gidan suna, har a bakin kasuwa, tambayar ɗaya ce: yaya can ɗin yake? Ni kuwa kun san hali, in mutane suka wuce uku a wuri bakina ya mutu ke nan. Shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Amma in gaya muku tun yanzu, kada ku jira inda zan ce na tsaya a kan tsauni ina ɗaga hannu. Ban kai ba.

Ga yadda aka yi. Ina shekara ta uku a jami'a, a sashen nazarin ƙasa, kuma bincikena a kan jerin duwatsu ne da ramukan tassa da manoman Kalfu ke yi don tare ruwan sama. Wata jami'a ta Maroko ta gayyaci ɗalibai goma sha biyu daga ƙasashen Sahel, su je su ga yadda manoman tsauni ke riƙe ƙasa da ruwa. Malaminmu ya sa sunana. Kwana takwas za a yi a ƙafa, daga ƙauye zuwa ƙauye, a rufe da hawan Tubkal, tsaunin da ya fi kowane tsawo a can, wanda ya haura mita dubu huɗu. Tawa tamu ko mita ɗari biyar ba ta kai ba. Tun ranar da na ga hotonsa na sa wa raina sai na taka kansa. Ban gaya wa kowa ba, amma ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan ba.

Wata uku na yi ina shiri. Na karanta duk abin da na samu a kan ciwon da ke kama masu hawan tsauni. In an yi sama sosai iska na raguwa, jiki kuma yana buƙatar kwanaki kafin ya saba. Don haka ba a gaggawa, ba a ɗaga wurin kwana da yawa a rana ɗaya, kuma ana shan ruwa sosai ko ba a jin ƙishirwa. In kai ya fara ciwo da tashin zuciya, a faɗa, kada a ƙara hawa. In ya yi tsanani, babu magani sai sauka. Na kwafe wannan da jan bik, wato biro, a shafin farko na kayena. Na je wajen likita, ya saurare ni, ya cire tabarau ya yi dariya, ya ce tun da ya fara aiki a garin nan ba wanda ya taɓa neman maganin tudu a wajensa. Ya buɗe littafi ya duba, ya rubuta mini wasu ƙwayoyi, ya ce, "Amma ki sani, suna sa yawan fitsari."

Sai batun ƙafa. Inna ta ce ba wanda ya san tafiya kamar yayanta, Kawu Illa na Affala, wanda da ƙuruciyarsa ya bi raƙuma zuwa arewa yana fataucin gishiri. Na je na yi damina a gidansa. Kullum da an sallame asuba muke fita, shi gaba da sandarsa, ni baya da jaka cike da duwatsu. Dattijo ne, amma in ya miƙa hanya sai na haɗa da ɗan gudu.

"Ɗaga ƙahwa, ɗiyata," yake cewa. "Matahiyi da sanyin sahiya shika cin nisa. In rana ta taso ta iske ki tsakiyar hanya, ke kinka jawo."

In na kai hannu ga gora sai ya juyo. "Mi kika yi? Yanzu munka hito. Kurɓi ɗaya ki jiƙa maƙoshi. Kada ki saba ma cikinki da ruwa."

Ranar da takalmi ya yi mini kanta na zauna ina dubawa, ya tsaya ya jira ni. Da muka koma gida ya ce wa matarsa, ina ji, "Yarinyag ga tana da ƙarhi. Ko uhum ba ta ce ba." Ban taɓa samun yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. A ƙarshen damina ina iya zagaya tuddan arewacin Affala in dawo kafin hantsi, gorata ko rabi ba ta yi ba.

Inna ta haɗa mini guzuri kamar mai zuwa ƙasar da ba a dafa abinci: kilishi, gumba, ƙuli-ƙuli, da cuku mai yawa. Takalmin hawa a gwanjo na same shi. Rigar sanyi kuwa maƙwabcinmu ne ya ara mini, wadda ya dawo da ita daga bida, wato ci-rani, a Tamanrasat. Da na sa ta ta kai mini har ƙauri, hannuwana suka ɓace a ciki. Inna ta yi dariya har ta zauna, daga nan kuma ta ɗauke fuska tana share ido.

Kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja, ya tashi da sassafe. Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, duk inda aka tsaya maza na sauka su kewaya bayan gini, mu mata muna zaune. Tun daga Tawa har Yamai ban sha ruwa ba sai kurɓi biyu. Haka Inna ke yi in za ta yi tafiya, haka kakata, haka duk matan da na sani. Ba wanda ya taɓa koya mana, mun dai taso mun ga mace ba ta tsayar da mota cike da maza ta ce za ta kama ruwa.

A filin jirgin Kazablanka wani ɗan duwan, wato jami'in kwastan, mai gashin baki ya sa na buɗe jaka. Ya ciro cuku, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa a kan tebur, ya ɗaga shi wajen fitila yana kallon zanen tabarmar da ke jikinsa.

"Wannan fa? Fata ce?"

Na ce nono ne, busasshe.

Ya kira abokinsa. Suka shinshina. Na ɓalli ɗan gefe na ci a gabansu don su yarda. Mai gashin bakin ya ɓalla shi ma, ya tauna, ya tauna, ya ce, "Ƴar'uwa, haƙoranku na ƙarfe ne?" Ya mayar mini da kayana, amma kilishin bai tsira ba, sun ce nama ba ya shiga. Na tsaya ina kallon ƙunshin da Inna ta ɗaure da hannunta yana faɗawa kwandon shara.

Daga nan jirgin ƙasa zuwa Marakesh, wanda ban taɓa shiga ba. Na zauna a bakin taga na riƙe kujera gam, na ɗauka zai yi girgiza kamar kar, sai na ga shayin mutumin da ke gabana ko motsi ba ya yi. A Marakesh aka haɗa ni ɗaki da Awa, ƴar Senegal, doguwa, mai dariya kamar ana fasa tulu. Ta ga kayena da jan rubutu ta ce, "Ke duk kin karanta wannan? Ni wallahi jiya na san akwai hawan dutse a ciki." Ba ta taɓa tafiyar da ta wuce daga gida zuwa tasha ba. A raina na tausaya mata.

Washegari mota ta kai mu inda kwalta ta ƙare, aka ɗora kaya a kan alfadarai. A nan na fara ganin abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ruwa. Ba tabki ba, ba gulbin da ke zuwa da damina ya wuce cikin wuni ɗaya ba. Ruwa ne garai-garai mai sanyi, yana gudu a ƴan hanyoyin da aka gina masa a gefen dutse, yana bi ta ƙarƙashin gidaje, yana faɗawa gona ya fita ya shiga ta ƙasa da ita. Ba guga, ba igiya, ba jaki. Na tambayi Brahim ƙarfe nawa ake rufe shi. Ya dube ni ya ce, "A rufe a kai shi ina?" Daren farko na kasa sabawa da ƙararsa, jikina na ta gaya mini wani ya bar famfo a buɗe.

Brahim siriri ne, ba ya da yawan magana, yana jin Faransanci, da shi muke magana. Da na ji ya ce wa mai alfadari "aman" yana nuna ruwa, sai na ga kamar a kasuwar Tawa nake gaban Buzaye masu cuku. Na ce masa haka mutanen arewacinmu ke kiransa. Ya ji daɗi ƙwarai, ya dafa ƙirji ya ce ashe dangi ne.

Amma tafiyarsa ta ba ni mamaki. Mutum ne da an gani an san ƙafarsa ta san dutse, sai ga shi yana takawa kamar mai rakiyar mara lafiya. Taki ɗaya, numfashi, taki ɗaya. Ga sanyin safiya mai daɗi ana ta ɓarnarsa. Kaina ya san abin da na rubuta da jan bik, amma ƙafafuna karatun Kawu Illa suka haddace. Kafin in ankara na wuce shi, na wuce alfadarai, na hau can sama na zauna ina jiransu. Da suka iso ya ce, "A hankali, Balkisa. Dutsen ba zai tashi ba." Na ce to. Bayan rabin awa na sake wuce shi.

Ruwan da na zo ina sha'awa kuwa ban sha shi ba. A gida zafi ke tuna wa mutum ƙishirwa, can kuwa sanyi ne, maƙoshi ba ya kira. Ga shi a saman nan babu kalgo, babu sabara, babu ko wani ɗan kurmi da mace za ta ɓuya, sai fili da duwatsu da maza tara. Awa kan ɗaga murya ta ce, "Ku juya baya, maza, uwarku za ta yi fitsari!" Kowa ya yi dariya ya juya. Ni ko da wuƙa a wuya ba zan iya faɗin haka ba. Ƙwayoyin likita na sha su kwana ɗaya, da na ga abin da suke sa ni na mayar da su ƙasan jaka.

Ƙauyukan da muka ratsa a manne suke da dutse, gida bisa gida, rufin wannan shi ne tsakar gidan wancan. Gonakinsu kamar matakala, wata faɗinta bai wuce tabarma biyu ba, kowace an tokare ta da katangar dutse da kakanni suka jera ba tare da laka ba. Na tuna manoman Kalfu da jerin duwatsunsu, na ga aiki ɗaya ne, sai dai mu muna roƙon ruwa ya tsaya, su suna lallashinsa ya sauko a hankali. Mata na saukowa da damin ciyawa a baya wanda ya fi su girma, suna hira kamar ba komai. Abinci a kasko mai murfi kamar malafa ake dafa shi, a ci da gurasa a maimakon cokali, kowa ya tsaya a gabansa kamar yadda muke cin tuwo. Shayi kuwa har ɗaga butar sama irin namu ne, sai dai suna cusa masa ganyen na'ana'a, kuma mace ma tana zama a sha da ita.

A rana ta uku muka hau mashigin da na faɗa da farko. Ni na riga kowa isa. Daga nan na ga tsaunuka jere bayan jere har inda ido ya ƙare, wasu ja, wasu baƙi, na can nesa shuɗi kamar hayaƙi, gajimare kuma a ƙasa da mu, inuwarsa na tafiya a kan kwari. Ni da na saba ɗaga kai in duba hadari, yau ga ni ina leƙa shi. Na ce subhanallahi ban san sau nawa ba. A nan kan ya fara sarawa, a nan Brahim ya tambaya, na ba shi amsar da kuka ji.

Na sha tambayar kaina ko ƙarya na yi. A lokacin ban ji kamar ƙarya ba ce. Ku da kanku kun sani, a garinmu in aka ce yaya jiki, "da sauƙi" ake cewa. Na ga kakata ta faɗe shi ana gobe za ta rasu. Babba namiji, baƙo, ya tambaye ki lafiya a gaban mutane, ki buɗe baki ki ce kaina na ciwo, cikina na juyawa? Bakina ya ba da amsa kafin in yi tunani. Daga baya kuma, da na yi tunanin, sai tsoro ya shigo: in na faɗa za a hana ni hawa.

Rana ta huɗu muka gangara kwari, ciwon ya lafa, na ce ai shi ke nan. Ta biyar muka sake hawa, ya dawo da ƙarfinsa. Abinci ya fita raina, ina tura gurasata gaban Awa. Safe da yamma Brahim na tambaya, safe da yamma ina cewa lafiya lau. Awa kuwa tana can baya, ita ce ta ƙarshe kullum, tana huci tana mita. "Brahim, kaina! Brahim, ƙafata! Wa ya aike ni?" Shi kuma ya tsaya ya sa ta sha ruwa, ya rage mata kaya. Ina jin kunya a madadinta.

Rana ta shida da hantsi muka isa masaukin ƙarshe, wani gini na dutse a ƙasan Tubkal, sama da mita dubu uku. Babu itace ko ɗaya, babu tsuntsu sai wasu baƙaƙe masu jan baki. A inuwar duwatsu akwai dusar ƙanƙara. Na taɓa ta, na sa a baki, ba ta da ɗanɗanon komai. Sama ta yi shuɗin da ban taɓa gani ba, mai duhu kamar baban rini. Ga kan tsaunin nan a bisanmu, kusa, kamar daga gidanmu zuwa babbar kasuwa. Gobe za a hau.

Bayan azahar na zauna a bakin ƙofa zan rubuta abin da na gani. Awa ta zo ta zauna kusa da ni tana leƙe, yadda ta saba. Sai ta ƙura wa shafin ido. Ta karɓe kayen daga hannuna, ta buɗe shafin shekaranjiya, ta dawo na yau.

"Balkisa, wa ya rubuta wannan?"

Na ce ni.

"Ke da rubutunki kamar na inji? Dubi nan. Layi yana gangarawa, kin rubuta kalma ɗaya sau uku." Ba ta jira ni ba ta miƙe. "Brahim! Zo ka ga ƴarka!"

Na so in riƙe ta, hannuna ya kama iska.

Brahim ya zo, ya dubi idona. Ya ja layi a ƙasa da sandarsa ya ce in bi shi, diddige na taɓa yatsa. Ni da na yi damina ina bin Kawu Illa a kan tuddai. Taki na uku ƙasa ta karkace, na ji ni a jikin Awa. Daga nan na yi amai a gaban dukan mazan da na yi kwana shida ina jin kunyarsu.

Bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun Talata."

"Sau nawa na tambaye ki?"

"Sau bakwai." Na san adadin.

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Na ce a wajenmu in an tambayi mutum jiki ba ya kai ƙara, rashin kunya ne. Ya saurara har na gama, ya ce, "Mu ma haka muke a ƙauye. In kin zo gidana na ce yaya kike, ki ce lafiya, in ce madalla. Amma a nan ba gaishe ki nake ba. Ba ni da na'urar da zan leƙa cikin kanki, bakinki kawai nake da shi."

Na ce, "Don Allah, gobe kaɗai. Zan sha maganin, zan sha ruwa, zan bi bayanka. Wata uku na yi ina shiri."

"Da kin faɗa ran Talata, da na ƙara mana kwana ɗaya a kwari, da wataƙila jibi kina sama. Yanzu ba wannan maganar. Wanda ya kasa bin layi ba ya kwana a nan." Ya juya ya kira mai alfadari.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Awa ta sa mini rigar maƙwabcinmu, ta ja zip har wuya, ta ce, "Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma a ƙasa." Aka ɗora ni a kan alfadari, Brahim ya bar sauran a hannun mataimakinsa, ya riƙe linzami da kansa. A nan na ga tafiyarsa ta gaskiya. Mutumin da nake wucewa kullum ya gangara dutsen nan kamar akuya, alfadari na sassarfa a bayansa. Duk bayan ɗan lokaci ya tsaya ya miƙo mini gora, ya ce, "Yaya kai?" Karo na farko na buɗe baki zan ce lafiya, ya ɗaga gira. Na ce, "Yana ciwo. Kamar zai tsage." Ya ce, "Yauwa." Kalmomin sun yi mini nauyi a baki kamar na zagi babba.

Abin mamaki, da muka fara ganin itatuwa sai na ji kamar ana kwance mini ɗaurin kai. Kafin mu shiga ƙauyen su Brahim, rana na shirin faɗuwa, har yunwa na ji. Ya kai ni gidan mahaifiyarsa, Lalla Fadma, ya yi mata bayani da yarensu, ya kira wani ma'aikacin lafiya ya duba ni. Da asuba kafin in tashi ya koma sama wajen sauran.

Kwana biyu na yi wajen tsohuwar nan, ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Gajera ce, da zanen shuni a haɓa, hannunta kamar ɓawon itace. Ta ba ni miyar sha'ir mai zafi, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Duk inda na zauna sai ta ajiye kofin ruwa a gabana ta nuna shi da baki. Na ba ta cuku, ba ta tambayi ko mene ne ba, ta jiƙa shi a shayi ta ci, ta gyaɗa kai. Da safe na bi ta gona. Ranar rabon ruwanta ce, don kowane gida da lokacinsa. Ta ɗauke wani dutse da tsumma daga bakin hanyar ruwa, ruwan ya juyo ya shiga gonarta ta sama, ya cika ta, ya zubo ta biyu, ya zubo ta uku. Tana tafe gabansa da ƴar fartanya tana buɗe masa hanya, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai kora awaki. Da lokacinta ya cika ta mayar da dutsen, ruwa ya wuce gonar maƙwabta. Ba wanda ya tsaya a kanta yana dubawa. Na cika shafi shida a ranar, da rubutuna na da. Mafi yawan abin da ke cikin bincikena yanzu daga wannan safiyar ya fito.

Amma in na ɗaga kai, ga tsaunin. Daga tsakar gidanta ana ganinsa, da safe ja, da rana fari. Sai in kau da kai.

Rana ta takwas da la'asar suka sauko, fuskoki sun ƙone, leɓɓa sun tsage. Duk sun kai. Awa ma ta kai, ita ce ta ƙarshe, ta ce sau biyu tana zama ta ce a bar ta nan ta mutu. Ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Na ce mata, "Gaya mini, me ake gani daga can?"

Ta ce, "Wallahi sanyi. Hancina kawai nake ji." Ta nuna mini hoto a waya: mutane sun dunƙule a jikin wani ƙarfe, bayansu fari fat.

Na tambayi wani ɗan Mali, ya ce ba ya faɗuwa, sai an je. Na tambayi Brahim, wanda ya hau ba adadi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Duwatsu. In an yi sa'a, ta kudu ana hango inda hamada ta fara." Na ce a raina, ashe da na kai da na hango hanyar gida. Abin ya ƙara ci na.

Muna zaune a tsakar gida ana shan shayi, Lalla Fadma na fasa wani ɗan itace mai ɓawo da dutse tana tura mini ƙwayar. Ta lura da fuskata, ta tambayi ɗanta me ke damun yarinyar. Ya gaya mata. Sai na ce masa, "Tambayar mini ita. A nan aka haife ta, a nan ta tsufa. Ita me ta gani da ta hau?"

Ya fassara. Ta dakata da dutsen a hannu, ta dube ni, ta dubi tsaunin, ta yi magana mai ɗan tsawo, ta koma fasa abinta. Brahim ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce ba ta taɓa hawa ba. Ta ce babu ciyawa a can, babu itacen wuta, ba ta ajiye kowa ba. Abu ɗaya ne a kansa da take so, shi ne ruwa, shi kuma tun tana yarinya da kansa yake saukowa ya iske ta a gona. Ta ce ki sha shayinki kafin ya huce."